Kiɗan Na'ura, Muryar Mutum: Rangadin Pet Shop Boys na 1989

A ƙarshen watan Yunin 1989, wasu 'yan Ingila biyu suka hau dandamali a zauren Hong Kong Coliseum, gaban dubban mutanen da suka yanki tikiti don su gan su ido da ido. Ɗaya sunansa Neil Tennant, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 35, tsohon ɗan jarida ne mai siririyar murya wadda ta fi kusa da magana a kan rerawa. Ɗayan kuma Chris Lowe, wanda ya karanta zanen gine-gine a Jami'ar Liverpool, an san shi da tsayuwa ƙiƙam a bayan fiyano, fuska a murtuke, kamar wanda aka tilasta wa zuwa bikin da ba ya so. Su biyun nan su ne Pet Shop Boys. Kafin wannan dare sun riga sun sayar da miliyoyin faifai, waƙoƙinsu huɗu sun hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ɗaya daga ciki, "West End Girls", ta yi haka a Amurka ma a 1986. Duk da wannan ɗaukaka, ba su taɓa yin rangadi ba. Ko irin rangadin share fage, wanda sabon mawaƙi kan bi wani babba yana buɗe masa wasa, ba su yi ba. Fitarsu ta farko, sunansu ne a saman tikiti.

Jinkirin yana da dalili, kuma dalilin shi ne ya sa labarin ya cancanci a waiwaye shi bayan shekaru fiye da talatin. Kiɗan Pet Shop Boys a situdiyo ake gina shi, da kwamfuta da fiyanon lantarki da na'urar da ke buga ganga da kanta bisa umarnin da aka shigar mata. Babu mai jita, babu makaɗin ganga, babu wani taron makaɗa da za a kwasa a mota a kai gari-gari. To idan aka ce su fito gaban jama'a, me za a nuna? Mutum ɗaya yana danna maɓalli, ɗaya yana waƙa? Wanda ya biya kuɗinsa zai iya tambaya, kuma tambayarsa na kan hanya: me ya bambanta wannan da ya zauna a ɗakinsa ya kunna faifai?

Mai karatun da ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan tambaya ko da bai taɓa jin sunan Tennant ba. A zamanin Mamman Shata, in ba a ga masu kalangu da 'yan amshi sun jeru ba, ba a fara wasa ba, domin waƙar a nan gaban mutane ake ƙera ta, kuma ta yau ba za ta zo daidai da ta jiya ba. Da fiyano ya shiga situdiyoyin Kano, sai aka wayi gari mawaƙi na zuwa gala ko biki da waƙarsa a faifai, a sa masa, ya riƙe makirfo yana bi da baki. Dattawa suka ce wannan ba waƙa ba ce, matasa suka ci gaba da liƙi. Irin wannan gardama ce Turawa suka sha yi a shekarun 1980, sai dai tasu ta haɗa da ƙungiyar ƙwadago da jaridu da kuɗi masu nauyi.

Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta daɗe tana da take na kira da a bar kiɗa a hannun mutane masu rai. A 1982 reshenta na tsakiyar Landan ya zartar da ƙudurin neman a hana amfani da fiyanon lantarki da na'urar ganga, bayan da mawaƙin Amurka Barry Manilow ya zagaya ƙasar da na'urori a gurbin makaɗan da a da za a ɗauka haya. Ƙudurin bai hana komai ba, amma ya nuna inda zuciyar masu sana'ar take: duk na'urar da ta hau dandamali, abincin wani ta ɗauke. Shekara uku bayan haka, a ranar 13 ga Yulin 1985, aka yi gagarumin wasan Live Aid a filin Wembley da kuma Philadelphia don tara wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha taimako. Wannan rana ta ƙara kafa wani ma'auni a zukatan jama'a, cewa mawaƙin ƙwarai shi ne wanda zai tsaya gaban cikakken fili, gumi na tsatsafo masa, ya juya taron da muryarsa da jitarsa. Ƙungiyar Queen ta yi haka a cikin minti ashirin, har yau ana ba da labari. U2 ta fita daga filin da girman da ba ta shiga da shi ba. Duk wanda bai iya irin wannan ba, sai a riƙa yi masa kallon kayan kanti, abin da kamfani ya ƙera ya naɗe a leda.

Tennant ya san wannan ma'auni ciki da bai, domin kafin ya zama mawaƙi yana cikin masu riƙe da alƙalami. Ya yi aiki a mujallar Smash Hits, wadda matasan Birtaniya ke rububi a lokacin, har ya kai mataimakin edita. Hasali ma aikin jarida ne ya kai shi New York a 1983 don tattaunawa da ƙungiyar The Police, ya yi amfani da tafiyar ya nemi furodusa Bobby Orlando, wanda ya fara ɗaukar musu "West End Girls". Saboda haka da aka fara yi musu gorin cewa ba za su iya wasa a gaban jama'a ba, bai tsaya musu ba. Ya amsa cewa haka ne, har ya nuna yana jin daɗin tabbatar da hakan, domin a ganinsa wannan ɗoki na nuna bajinta a dandamali wani nau'in nuna ƙwanji ne na 'yan kiɗan rok, su kuwa 'yan pop ne. A shirin Top of the Pops na BBC, inda kowa ya san yawancin baƙi motsa baki kawai suke yi, wasu kan yi ta tsalle suna dukan jitar da ba a jona ta da komai ba. Lowe sai ya tsaya kamar gunki, yana taɓa fiyano da yatsa ɗaya. Mutane suka ɗauka girman kai ne ko rashin iyawa. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ya ƙi taya shirin yin ƙarya.

Sai dai ƙin yin ƙarya ba ya cika zaure. Kuma a lokacin babu abin da ya matsa musu, domin tattalin arzikin waƙa a shekarun 1980 ya sha bamban da na yau. Faifai ne ke kawo kuɗi, rangadi talla ne kawai ga faifan, sannan ga tashar MTV da aka buɗe a 1981 tana kai fuskar mawaƙi gidajen da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba. Sun so su yi rangadi a 1986, irin wanda ke da ado da tsari na gidan wasan kwaikwayo, da aka buga lissafi sai aka ga kuɗin ya fi ƙarfin abin da ƙananan zauruka za su mayar, aka jingine. Suka karkata ga fim, suka fitar da It Couldn't Happen Here a 1988, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. A shekarar ne kuma wata ƙungiyar kiɗan lantarki ta Ingila, Depeche Mode, ta tara mutum fiye da 60,000 a filin Rose Bowl na Kalifoniya. Wannan ya rushe uzurin cewa kiɗan na'ura ba ya tara jama'a. Amma Depeche Mode ta ci wannan nasara ne da salon 'yan rok, tana da jagora, Dave Gahan, mai zagaye dandamali yana karkaɗa jiki yana tayar da taro. Tennant ba shi da wannan jiki, ba shi da wannan murya, kuma ya riga ya faɗa wa duniya cewa ba ya sha'awar su.

Mafitar da suka samo ita ce su miƙa dandamalin ga wani mutum da bai taɓa shirya wasan kiɗa irin wannan ba. Derek Jarman mai zane ne kafin ya zama mai shirya fim. Shi ya tsara ginin da aka yi amfani da shi a fim ɗin The Devils na Ken Russell a 1971, daga baya ya yi nasa finafinan, irin su Jubilee da Caravaggio, waɗanda ba a yi su don kasuwa ba. Ya riga ya shirya musu bidiyon waƙoƙi biyu, "It's a Sin" da "Rent". A watan Disambar 1986 likitoci suka shaida masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, a zamanin da babu maganin da ke tsawaita rai kamar yanzu, kuma jaridun Birtaniya na yi wa masu ɗauke da ita tsangwama a fili. Jarman ya fito ya faɗa da bakinsa, abin da mutane ƙalilan suka iya a lokacin. Wannan mutum, da ya san kwanakinsa a ƙirge suke, shi aka danƙa wa aikin ƙawata waƙoƙin da ake ce wa kayan leda.

Rangadin an raɗa masa suna MCMLXXXIX, wato 1989 da lambobin Rumawa, kuma ko sunan ma yana ɗauke da irin zolayar da aka san su da ita, ta ɗaukar ƙaramin abu a sa masa babbar riga. Jarman ya ɗauki gajerun finafinai, aka riƙa haska su ta majigi a wani makeken allo bayan dandamali, kowace waƙa da nata hoto. Aka kawo 'yan rawa da 'yan amshi, aka ɗinka tufafi iri-iri da ake sauyawa tsakanin waƙa da waƙa. A "It's a Sin", waƙar da ta fito daga tunanin Tennant game da makarantar Katolika da ya yi a Newcastle da yadda aka cusa masa jin cewa duk abin da ransa ke so zunubi ne, ya fito cikin jar alkyabba irin ta manyan limaman coci, 'yan rawa kewaye da shi cikin siffofi masu ban tsoro na manyan zunubai. A "King's Cross" kuwa sai ado ya ja baya, majigi ya nuna tashar jirgin ƙasa ta Landan mai wannan suna. Waƙar ta fito a kundin Actually a Satumbar 1987, kan matasa marasa aikin yi da ke sauka a tashar daga arewacin Ingila suna neman sa'a. Wata biyu bayan fitarta gobara ta tashi a tashar ta ƙarƙashin ƙasa, ta kashe mutum 31. Duk ɗan Landan da ke zaune a zauren ya san wannan, ba sai an tuna masa ba.

Na'urorin kuwa ba a ɓoye su ba, ba a kuma ɗauko samari masu dogon gashi aka rataya musu jita don a rufe ido ba. Kiɗan yana fitowa daga kwamfutocin da aka tsara, kamar yadda yake fitowa a situdiyo, kuma kowa ya san haka tun kafin ya yanki tikiti. A kan wannan shimfiɗa aka ɗora abubuwan da hannu da huhu ke yi a take: muryar Tennant, muryoyin 'yan amshi, da busar Courtney Pine, matashin da a lokacin ake ɗauka a matsayin fitaccen mai busa saksafon na jaz a Birtaniya. Gayyato Pine dabara ce mai kaifi. Jaz shi ne kiɗan da masu sharhi suka fi girmamawa wajen ƙirƙira nan take, ga shi an kawo gwaninsa an tsayar da shi kusa da na'urar da ba ta kuskure kuma ba ta ƙirƙira, kowa yana aikinsa, babu wanda ya hana wani.

Akwai wani haɗari a wannan tsari wanda mai kallo ba ya gani. Makaɗi mai rai yana bin mawaƙi. In mawaƙi ya makara da shiga baiti, makaɗi zai ja masa, in numfashinsa ya ɗauke, zai rufa masa asiri da wani salo, in taro ya ɗauki zafi, zai ƙara sauri. Na'ura ba ta san wannan ladabi ba. Da zarar an danna ta, sai ta kai ƙarshe, kuma majigin da aka ɗaura da ita shi ma ba ya jira. Mawaƙin da ya saki layi a gaban na'ura ba shi da mai ceto. Saboda haka zancen cewa wasa da na'ura sauƙi ne, rabin gaskiya ne. Ta sauke wa Lowe nauyi, ta ɗora wa Tennant wani, ga shi mutumin da bai saba tsayawa gaban taro ba, da muryar da shi kansa bai taɓa cewa mai ƙarfi ba ce, ana sauya masa kaya a guje a bayan labule.

Wurin da suka fara shi ma ba a yanayin biki yake ba. Makonni kaɗan kafin isowarsu, a ranar 4 ga Yuni, sojojin Sin sun murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen da kewayensa a Beijing. Hong Kong na ƙarƙashin Birtaniya a lokacin, an kuma riga an sa hannu cewa za a miƙa ta ga Sin a 1997, don haka mutanen birnin sun yi ta fitowa tituna da ɗimbin yawa cikin juyayi da fargabar gobensu. A cikin wannan hali aka buɗe wasa mai alkyabba da rawa. Daga nan suka wuce Japan, sannan suka dawo gida a watan Yuli, suka yi Birmingham da Glasgow, suka rufe a Wembley Arena da ke Landan, zauren da ke ɗaukar mutum fiye da dubu goma. Duka tafiyar ba ta kai wata guda ba. Fara ta a nesa ya ba su damar yin tuntuɓen farko inda alƙaluman Landan ba sa kusa.

An san abubuwa da yawa game da abin da ya gudana a bayan fage saboda sun tafi da ɗan jarida, Chris Heath, suka bar shi ya ji komai ya rubuta komai. Littafinsa, Literally, ya fito a 1990, aka sake buga shi a 2020, kuma har yanzu ana lissafa shi cikin mafi kyawun abin da aka rubuta kan rayuwar mawaƙan pop. Abin da ya fito fili a cikinsa shi ne mutanen nan biyu da ake ɗauka ba ruwansu da ra'ayin kowa, a gaskiya sun damu ƙwarai. Suna bin sharhin jaridu, suna ƙorafi, suna auna kansu da abokan hamayya, suna gardama kan ƙananan abubuwa. Sanyin fuskar da suke nunawa a talabijin sutura ce kamar jar alkyabbar. Wanda ya shekara uku yana cewa ba zai iya abu ba, ranar da ya tashi yi, ya san akwai masu jiran su ce ai ka faɗa da bakinka.

Ba su samu wannan dama ba. Jama'a sun zo, kuma da yawansu matasan da suka san su ta Smash Hits ne, waɗanda ba su zo yin nazarin hotunan Jarman ba. Sun zo su yi ihu, su yi rawa, su rera waƙoƙin da suka haddace. A nan wani abin dariya ya ɓullo: an shirya wasa irin na gidan wasan kwaikwayo don a kauce wa hayaniyar filin rok, sai 'yan kallo suka kawo hayaniyar da kansu. Ga masu sharhi kuwa, ba a rasa abin tsoro ba, domin shekara biyu kacal kafin nan David Bowie, wanda ba a taɓa shakkar iyawarsa ba, ya sha suka kan rangadinsa na Glass Spider, mai ƙaton gizo-gizo a saman dandamali da 'yan rawa da wasan kwaikwayo, aka ce ado ya danne waƙa. Abin da ya kuɓutar da Pet Shop Boys daga irin wannan hukunci, a iya cewa, shi ne a wurinsu babu wani wasan "na asali" da adon zai danne. Bowie yana da makaɗa, mutane suka ji an tsare musu su da gizo-gizo. Su kuwa waɗannan, in an cire adon, abin da ya rage mutum biyu ne da akwatunan lantarki, kuma su suka fara faɗin haka.

A watan Yulin nan dai, a can jihar Connecticut ta Amurka, wasu mawaƙa biyu da ke tashe, Milli Vanilli, suna tsakiyar wasa a ranar 21 ga wata sai na'urar da ke fitar da waƙarsu ta maƙale, ta riƙa maimaita layi ɗaya. Ɗayansu, Rob Pilatus, ya ruga ya bar dandamali. Abin lura shi ne wannan abin kunya bai kashe su ba. Taron bai watse ba, faifansu ya ci gaba da sayuwa, har aka ba su kyautar Grammy ta sabon mawaƙi a Fabrairun 1990. Jama'a sun riga sun san ana bin waƙa da baki, sun kuma yafe. Abin da ba su yafe ba ya fito ne a Nuwambar 1990, lokacin da furodusansu na Jamus, Frank Farian, ya bayyana cewa ko a faifan ma ba muryarsu ba ce, wasu ne suka rera aka ɓoye su. Aka ƙwace kyautar, aka shigar da ƙararraki, suna ya zube. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan aka jera labaran biyu, sai a ga mai tikiti bai damu ƙwarai da wace waya ke ɗauke da wane sauti ba. Damuwarsa ita ce abin da aka ce masa zai samu ya zama shi ya samu.

Duk da haka, kada a ɗauka gaskiyar tasu ta zo musu kyauta. Rangadin 1989 bai taka Amurka ba, kuma Amurka ƙasa ce da ba ta cika riƙe mawaƙin da bai zo ya gaishe ta gari-gari ba. A 1988 suna da waƙoƙi biyu a cikin goman farko a can, wadda suka yi da Dusty Springfield ta kai matsayi na 2, "Always on My Mind" ta kai na 4. Daga nan ba su sake shiga goman farko ba. Kafin su iso da rangadinsu na biyu, Performance, a 1991, iska ta juya. A Nuwambar 1989 MTV ta ƙaddamar da shirin Unplugged, wanda gaba ɗaya manufarsa ita ce a cire wa mawaƙi lantarki a ga abin da ya rage masa, kuma a ƙarshen 1991 Nirvana ta mayar da jita mai ƙara da tsohuwar riga abin yayi. Su kuwa maimakon su sassauta, sai suka ƙara zurfi. Suka ɗauko David Alden da David Fielding, mutanen gidan opera, suka shirya wasa mai labari daga farko zuwa ƙarshe, suka tura 'yan makaɗan da ke akwai gefe. A shekarar ne ma suka ɗauki wata shahararriyar waƙar U2 suka mayar da ita kiɗan disko, tsokana a fili ga duk mai ɗaukar rok a matsayin ibada. Wasan ya samu yabo daga waɗanda suka gane inda aka dosa, amma an tafka asarar kuɗi, kamar yadda Tennant ya sha faɗa daga baya. Heath ya sake bin su, ya rubuta littafi na biyu da sunan da ya faɗi komai, Pet Shop Boys versus America.

Lissafin asarar ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙungiyar rok tana iya hawa kowane dandamali da kayan da suka shiga mota ɗaya ko biyu. Wasan da aka gina kan majigi da tufafi da 'yan rawa da gini mai motsi yana cin kuɗinsa tun kafin a sayar da tikitin farko, kuma ba ya mayarwa sai an maimaita shi dare da yawa a manyan wurare. Su kuwa gajeren rangadi suke yi, a zaurukan da za a iya ganin fuska. Sun zaɓi tsarin da ya fi kowane tsada, sannan suka ƙi bin hanyar da ke biyan sa.

Abin da suka shuka wasu ne suka fi cin amfaninsa. A 1990 Madonna ta zagaya duniya da Blond Ambition, wasa mai babi-babi da sauyin kaya da labari, kuma da ƙarfin sunanta wannan salo ya zama abin da ake tsammani daga duk babban mawaƙin pop. Ba za a ce daga Pet Shop Boys ta koya ba, domin tunanin yana yawo a iska a lokacin, amma sun riga ta gwada shi a babban zaure, kuma sun yi hakan ba tare da ƙungiyar makaɗa a bayansu da za ta zame musu kariya ba. Su kansu ba su sake komawa ɗaki ba. Suka ci gaba da al'adar miƙa dandamali ga baƙon sana'a: mai fasahar hoto Sam Taylor-Wood a wasanninsu na gidan Savoy a 1997, mai zanen gine-gine Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza, a rangadin 1999, sannan Es Devlin, wadda daga baya ta tsara wa Beyoncé da Adele da ita kanta U2 dandamali. A yau da yawo da waƙa ta intanet ya karya darajar faifai, rangadi ya koma shi ne babbar hanyar abincin mawaƙi, mutanen da suka yi suna da ƙin fita sun zama cikin waɗanda ba sa zama a gida. Matashin da ya je kallon wani fitaccen mawaƙi yanzu, ya ga allo ya cika bango, kwamfuta na tafiyar da fitilu da sauti tare, ba zai ma san an taɓa yin ƙuduri a kan haka ba.

Jarman bai ga yawancin wannan ba. An tattara finafinan da ya yi wa rangadin aka fitar da su a kaset mai suna Projections a 1993. A shekarar ne ya fitar da fim ɗinsa na ƙarshe, Blue, lokacin da cutar ta kusa cinye masa ido: allo shuɗi kawai daga farko har ƙarshe, sai muryoyi da kiɗa. Mutumin da aka kira don ya ba kiɗa abin kallo ya ƙare da fim ɗin da babu abin gani a cikinsa. Ya rasu a watan Fabrairun 1994 yana da shekara 52.

A daren Lahadin ƙarshe na bikin Glastonbury na 2022, Pet Shop Boys ne suka rufe dandamali na biyu mafi girma, Tennant yana gab da cika shekara 68. Sai wata tangarɗa ta samu kayan dandamalin, allon da ya kamata ya ɗaga ya ƙi motsi, Lowe ya maƙale a bayansa. Waƙoƙin farko Tennant shi kaɗai jama'a suka gani, kiɗa na tafiya yadda aka tsara, filin kuma a cike yana amshi. Da aka samu aka gyara, sai ga Lowe a bayan fiyanonsa, da tabarau, fuska a murtuke.